Shaidar Garin Fure a kan Zumuntar Rogo, Zurma da Tinya



Gabatarwa

Babu manomi a ƙasar Hausa da bai san rogo ba. Haka kuma ya san zurma da ke fitowa a juji da bayan gida, ya san aguwa da bini-da-zugu da ake shinge da su, ya san tinya da ƙerana da ke tsaye a kan duwatsu, ya kuma san nonon kurciya da ke shimfiɗe a bakin hanya da damina. Amma da za a ce masa waɗannan tsirrai duka dangi ɗaya ne, har da itacen roba da ake shukawa a kudancin Nijeriya, lalle sai ya nemi a kawo masa hujja, domin wani ana cin saiwarsa, wani nononsa na iya makantar da mutum, wani ciyawa ce da ba ta kai taki ɗaya ba, wani kuwa itace ne gangariya. Masana ilmin tsirrai sun haɗa su a dangi ɗaya tun shekarar 1789, lokacin da wani Bafaranshe mai suna Antoine-Laurent de Jussieu ya tsara dangogin tsirrai. Sunan dangin a wurin masana shi ne Euphorbiaceae, wanda za a riƙa kira dangin tinya a cikin wannan lacca.

Haɗa su a dangi ɗaya bai ba masana wahala kamar rarraba su a cikin dangin ba. Wane ne ya fi kusa da wane? Shin rogo ya fi kusa da zurma, tun da ganyayensu duka suna da yatsu kamar tafin hannu, ko kuwa ya fi kusa da tinya, tun da dukansu suna fid da farin nono? An yi fiye da shekara 150 ana sa-in-sa a kan irin waɗannan tambayoyi. Laccar za ta nuna yadda garin fure, watau abin nan da manomi yake gani yana tashi daga gero da dawa lokacin bununi, ya zama shaidar da ta warware mafi yawan rikicin. Za ta kuma nuna inda ƙarfin wannan shaida ya tsaya, domin sanin iyakar hujja wani ɓangare ne na sanin hujjar.

Dangin tinya da wahalar rarraba shi

Sunan dangin daga Afirka ya samo asali. Sarki Juba na Biyu, wanda ya mulki arewacin ƙasashen da a yau ake kira Maroko da Aljeriya daga shekara ta 25 kafin Miladiyya zuwa ta 23 Miladiyya, ya yi rubutu a kan wani tsiro mai nono da ke fitowa a duwatsun Atlas, ya sa masa sunan likitansa, Euphorbus. Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya riƙe sunan a littafinsa na shekarar 1753. Jinsin Euphorbia, wanda ya ƙunshi tinya da ƙerana da aguwa da nonon kurciya, yana da nau'i wajen 2,000. Jinsin Croton, inda koriba take, yana da fiye da 1,200. Dangin gaba ɗaya, kamar yadda aka fahimce shi a ƙarni na 20, ya ƙunshi jinsi wajen 300 da nau'i wajen 8,000.

Bisa al'ada, masani ba ya dogara da siffar jikin tsiro wajen gane danginsa, saboda jiki yakan bi halin ƙasar da tsiron yake. Ƙerana da tinya sun zubar da yawancin ganyensu, sun yi kauri, sun yi ƙaya, har sun yi kama da tsirran hamadar Amurka da ake kira kaktus, alhali kuwa babu wata zumunta ta kusa tsakaninsu. Fari ne kawai ya yi musu ƙira iri ɗaya. Hausawa sun riga sun faɗa, kama da wane ba ta wane. Saboda haka fure aka fi dubawa, domin shi ba ya saurin sauyawa. To, amma a dangin tinya furen kansa ya ƙanƙance. Namiji dabam yake, mace dabam, kuma da yawa ba su da ko ganyen ado. Abin da ake gani kamar fure guda a jikin yawancin 'yan jinsin Euphorbia, a haƙiƙa tarin furanni ne a cikin ɗan ƙoƙo: mace ɗaya a tsakiya, maza sun kewaye ta, kowane namiji bai wuce sili ɗaya mai ɗauke da jakar gari ba. Furen da ya rage haka ba shi da alamomi da yawa da za a kwatanta.

Saboda wannan ƙarancin alamomi, kowane masani ya kama wadda ya fi amincewa da ita. Alama mafi tsufa ita ce yawan ƙwan iri a ɗakunan mahaifar fure. Wanda ya fasa ɗan zurma zai ga ɗaki uku, kowanne da ƙwaya ɗaya, haka ma ɗan rogo da na bini-da-zugu. Wanda ya fasa ɗan geron tsuntsaye kuwa zai ga ɗaki uku, kowanne da ƙwaya biyu, watau 6 ke nan. Wannan ya raba dangin kashi biyu, masu ƙwai ɗaya da masu ƙwai biyu. A shekarar 1866 Johannes Müller, wanda ya yi aiki a birnin Janiba, ya fifita wata alama dabam, watau faɗin ganyen farko da ke cikin ƙwayar iri, ya ware wasu tsirran Ostareliya masu siririn ganyen farko ya ba su matsayi na kansu. A shekarar 1931 wasu Jamusawa biyu, Ferdinand Pax da Käthe Hoffmann, suka riƙe wannan rabo, suka kasa dangin gida huɗu, suka kuma zuba kusan dukan masu ƙwai ɗaya a gida guda. Ta haka rogo da zurma da tinya da roba suka zauna wuri ɗaya, ba tare da an iya bayyana zumuntar da ke tsakaninsu ba.

Ƙirar garin fure

Garin fure shi ne ke ɗauke da rabon namiji wajen haihuwar tsiro. Wani abin sha'awa shi ne, da tsirran wannan dangi aka fara tabbatar da haka. A shekarar 1694 Rudolf Camerarius na jami'ar Tübingen a Jamus ya ba da labarin gwajin da ya yi: ya tsinke furannin maza na zurma tun kafin su buɗe, sai 'ya'yan suka fito babu ƙwaya mai rai a ciki. Ya kuma yi wani gwaji da wani tsiro na dangin mai suna Mercurialis, inda ya keɓe matan daga mazan, ya sami sakamako iri ɗaya.

Ana auna garin fure da ma'aunin da ake kira maikuron, watau kashi ɗaya daga cikin 1,000 na milimita. Yawancin ƙwayoyinsa suna tsakanin maikuron 10 da 100, saboda haka sai da madubin ƙara girma ake ganin ƙirarsu. Kowace ƙwaya tana da ɓawo biyu. Na ciki mai laushi ne, yana ruɓewa da wuri. Na waje an gina shi da wani sinadari da masana suka raɗa wa suna siforofolenin, wanda yana cikin abubuwa mafi juriya da mai rai yake ƙerawa: asid mai ƙarfi ba ya cin sa da sauƙi, kuma yakan zauna a cikin laka shekaru dubbai, har miliyoyi, in dai iska ba ta shiga wurin ba.

Ana iya kwatanta ɓawon waje da ginin soro. Daga ƙasa akwai daɓe, a kan daɓen akwai ginshiƙai, a kan ginshiƙan kuma akwai rufi. Rufin yana iya zama sumul, ko mai 'yan huje-huje, ko mai kama da raga, ko mai ƙayoyi, wani lokaci ma babu shi sai ginshiƙai tsirara. Sa'an nan akwai ƙofofi, watau wuraren da ɓawon ya yi siriri don ɗan bututun da ke kai rabon namiji zuwa ga ƙwan iri ya sami hanyar fita. Ƙofa tana iya zama doguwar tsaga, ko huda kewayayya, ko tsaga mai huda a tsakiyarta. Abubuwa huɗu ke nan masani yake lura da su: girman ƙwaya, siffarta, yawan ƙofofinta da irinsu, da zanen da ke kan ɓawonta. Abin da ya ba waɗannan alamomi daraja shi ne gado ne ke tsara su. Rogon da aka shuka a fadama da wanda aka shuka a jigawa za su bambanta a tsawo da girman saiwa, amma zanen garin furensu ɗaya ne.

Wanda ya fi kowa kafa wannan fanni shi ne Gunnar Erdtman, mutumin Suwidin. A shekarar 1934 ya fito da wata dabara, wadda ya sake gyarawa a 1960, ta dafa garin fure a cikin haɗin kashi 9 na wani sinadari ɗan'uwan tsamin binega da kashi 1 na asid irin na batirin mota wanda ba a sirka ba. Haɗin yana cinye duk abin da ke cikin ƙwayar, ya bar ɓawon waje fes. Da wannan dabara ana iya ciro fure daga busasshen tsiron da ya shekara ɗari a ɗakin ajiya a duba garinsa. Daga shekarar 1965 kuma aka fara sayar da madubi mai aiki da ilektron wanda yake nuna fuskar abu, sai zanen da a da ake gani dishi-dishi ya fito sarai.

Abin da garin fure ya nuna

A littafinsa na shekarar 1952, wanda ya waiwayi garin furen dangogin tsirrai masu fure, Erdtman ya lura da wani zane na musamman a jinsin Croton, ya kira shi da sunan jinsin. A Hausa ya dace a ce masa zanen koriba. Ga yadda yake: a kan ɓawon akwai wata raga, a kan ragar kuma akwai 'yan turaku masu kusurwa uku in an dube su daga sama. Turakun suna jere biyar biyar ko shida shida, sun kewaye ɗan fili a tsakiya, kuma kowane turke yana cikin da'ira fiye da ɗaya, har suka rufe ƙwayar duka. Wanda ya taɓa ganin zanen sau ɗaya ba ya ɓace masa. Matsayinsa kamar na askar gado ne a fuskar mutum, wadda kafin ya buɗe baki an san gidan da ya fito.

Bayan shekara 10, a 1962, Willem Punt na jami'ar Utrecht a ƙasar Holan ya buga nazarin garin furen dangin tinya baki ɗaya. A 1965 Egon Köhler, wani Bajamushe, ya bi sawu da nazarin masu ƙwai biyu. Sai Grady Webster na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya tattara waɗannan sakamako, ya haɗa su da shaidar nono da gashin ganye da ƙwayar iri, ya fitar da sabon tsari a shekarar 1975, ya faɗaɗa shi a 1994. Ya kasa dangin gida biyar, biyu na masu ƙwai biyu, uku na masu ƙwai ɗaya.

Gida na farko, Phyllanthoideae, shi ne na geron tsuntsaye da tsa da kizni da kafafago da jan yaro. Ba su da nono. Garin furen yawancinsu yana da tsaga uku, kowace da huda, kuma rufinsa ya yi kama da raga. Gida na biyu, Oldfieldioideae, an sa masa sunan wani babban itacen katako na dazuzzukan Saliyo da Laberiya, kuma garin fure ne ya fara tona asirinsa: ƙwayoyinsa masu ƙaya ne, ƙofofinsu gajeru, sau da yawa sun wuce uku. Kafin aikin Köhler 'yan wannan gida a warwatse suke a sassa dabam dabam na dangin.

Gida na uku, Acalyphoideae, shi ne na zurma da bambami da damagi. Galibinsu ba su da nono. Garin furen zurma ƙarami ne, tsakanin maikuron 20 da 30, mai tsaga uku da huda, fuskarsa kusan sumul. Wannan ya dace da yadda yake tafiya, domin jakar garin zurma fashewa take yi ta watsa shi, iska ta ɗauka, shi ya sa yake tayar wa wasu mutane da atishawa da asma. Na bambami kuwa yana da wata alama da ba a rasa gane ta, domin kowace tsaga tana da ɗan murfi a kanta.

Gida na huɗu, Crotonoideae, shi ne na masu zanen koriba, kuma a nan shaidar garin fure ta fi yin aiki. Koriba da bini-da-zugu suna da zanen, kuma ƙwayoyinsu ba su da ƙofa ko ɗaya: ɓawon siriri ne ko'ina, bututun yana iya fita ta kowane gefe. Rogo yana da zanen, amma da huda da yawa a warwatse a jikin ƙwayar. Garin nasa babba ne, cikakkun ƙwayoyinsa suna kaiwa maikuron 120 zuwa 150, har mai kaifin ido yana iya ganin ƙwaya ɗaya, kuma yana da danƙo, saboda haka ƙudan zuma da sauran ƙwari ne ke ɗaukarsa. Itacen roba shi ma yana da zanen, amma da tsaga uku. Gida na biyar, Euphorbioideae, shi ne na tinya da aguwa da nonon kurciya, masu farin nono mai ƙuna. Garinsu yana da tsaga uku da huda, rufinsa mai 'yan huje-huje, babu zanen koriba.

Da wannan aka sami amsar tambayar da aka fara da ita. Kamannin ganyen rogo da na zurma ba su sa sun zama 'yan gida ɗaya ba, haka kuma farin nonon rogo bai kai shi gidan tinya ba. Makusantan rogo su ne itacen roba, sa'an nan bini-da-zugu da koriba. Har ila yau, garin fure ya rushe rukunin nan na tsirran Ostareliya masu siririn ganyen farko wanda Müller ya kafa. Da aka duba, sai aka tarar jinsin Ricinocarpos yana da zanen koriba, jinsin Pseudanthus yana da gari mai ƙaya, jinsin Poranthera kuwa garinsa irin na gidan geron tsuntsaye ne. Aka mai da kowa gidansu. Siririn ganyen farko ashe hali ne da tsirrai dabam dabam suka ɗauka saboda zama a ƙasa ɗaya.

Iyakar shaidar

Alƙali nagari ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, kuma garin fure yana da rauninsa ta fuska uku. Na farko, ba a kowane jinsi yake rarrabewa daidai ba. Nau'in Euphorbia wajen 2,000 garinsu ya yi kama da juna ƙwarai, da wuya a raba wani da wani ta wannan hanya. A jinsin Phyllanthus kuwa, inda geron tsuntsaye yake, abin ya sha bamban: akwai mai tsaga uku, akwai mai huɗu, akwai mai huda a ko'ina, akwai wanda ɓawonsa ya rabu fili fili kamar bayan kunkuru. Webster ya yi amfani da wannan bambanci wajen rarraba nau'in jinsin na tsibiran Karebiyan a shekarun 1950. Na biyu, zane iri ɗaya yana iya fitowa a wurare biyu ba tare da gado ba. Ana samun abin da ya yi kama da zanen koriba a wasu dangogi da ba su da kusanci da dangin tinya, kamar Thymelaeaceae da wasu 'yan Buxaceae. Na uku, tsaga uku mai huda tsohon gado ne da dubban tsirrai masu fure suke da shi, saboda haka tarayya a cikinsa ba ta nuna kusanci na musamman.

Shaida ta biyu ta zo ne daga sinadarin gado da ake kira DNA, wanda aka fara kwatanta shi tsakanin tsirrai da yawa a shekarun 1990. Sakamakonsa ya nuna cewa masu ƙwai biyu da masu ƙwai ɗaya ba tsatso guda ba ne kamar yadda aka ɗauka. A tsarin da wata ƙungiyar masana ta duniya ta buga a shekarar 2003, an cire gidan geron tsuntsaye ya zama dangi mai zaman kansa, Phyllanthaceae. Gidan masu gari mai ƙaya ya zama Picrodendraceae. Jinsin Drypetes da ɗan'uwansa suka zama Putranjivaceae. Sunan Euphorbiaceae ya rage wa masu ƙwai ɗaya kaɗai, wajen nau'i 6,300. Watau a yau kizni da tsa da kafafago ba sa cikin dangin tinya. Abin lura shi ne, rukunin da Köhler ya gane ta ƙayar garin fure ya tsaya da ƙafarsa, sai ma ƙarin girma da ya samu.

A shekarar 2005 Kenneth Wurdack da Petra Hoffmann da Mark Chase suka buga binciken DNA na masu ƙwai ɗaya. Binciken ya tabbatar da cewa masu zanen koriba marasa ƙofa, watau su koriba da bini-da-zugu da Ricinocarpos, zuri'a ɗaya ce. Ya kuma tabbatar da cewa rogo da roba reshe ɗaya ne, abin da ya dace da ƙirar jijiyoyin nononsu, waɗanda suke gaɓa gaɓa. Amma bai goyi bayan cewa dukan gidan Crotonoideae na Webster kaka ɗaya gare shi ba, domin ya same shi a rassa huɗu. Ma'ana, rashin ƙofa ya fi zanen kansa ƙarfi a matsayin alamar zumunta. Garin fure ya faɗi gaskiya a mafi yawan abin da ya shaida, amma sai da aka ji baki na biyu aka san wace alama ce ta gado, wace ce ta kamanni.

Amfanin wannan ilmi ga ƙasa

Ma'aikacin gwamnati yana da haƙƙin ya tambayi abin da wannan zai ƙara wa talaka. Amsa ta farko tana gonar rogo. Asalin rogo kudancin dajin Amazon ne a Birazil, Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16, kuma Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa nomansa a duniya. Jinsinsa, Manihot, yana da nau'i wajen 100, duka 'yan nahiyar Amurka. Tun daga shekarun 1930, a tashar bincike ta Amani da ke Tanganika, aka ɗauki garin furen wani ɗan'uwan rogo na daji, Manihot glaziovii, aka haɗa shi da rogon gida don neman juriyar cutar nan mai nannaɗe ganye. Daga zuri'ar wannan haɗi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta fitar da ingantaccen iri a shekarun 1970, irin su TMS 30572. Mai irin wannan aiki dole ya san wane tsiro ne ɗan'uwa na kusa, ya kuma san cewa furannin mata na rogo suna riga na maza buɗewa da mako ɗaya ko biyu, kuma garin ba ya daɗewa da rai bayan an ɗebe shi.

Amsa ta biyu tana ƙarƙashin ƙasa. Tun da ɓawon garin fure ba ya ruɓewa, lakar tafki takan adana shi hawa hawa, sabo a kan tsoho. Binciken da aka buga a 1998 a kan lakar wasu kwaruruka na ƙasar Manga a arewacin Jihar Yobe ya sami garin bambami da na jinsin kafafago a cikin lakar da ta kai shekara 7,000 zuwa 10,000, a wurin da yau sai tudun yashi da goruba. Binciken tafkin Tilla kusa da Biu, wanda aka buga a 2002, shi ma ya nuna cewa a wancan zamani itatuwan da a yau sai an yi kudu sosai ake ganinsu sun kai har can. A tafkin Barombi Mbo na Kamaru, yawaitar garin bambami wajen shekara 2,500 da suka wuce ya nuna lokacin da daji ya buɗe, domin bambami yana cikin masu fara cike gurbin da manyan itatuwa suka bari. Wanda ke tsara yaƙi da kwararowar hamada yana bukatar irin wannan tarihi, don ya san abin da sauyin ruwan sama ya jawo tun da daɗewa da abin da gatari ya jawo. Masu haƙar man fetur a gaɓar Neja su ma suna amfani da garin fure wajen gane shekarun duwatsun da suke hudawa, kuma garin bambami mai murfi yana cikin waɗanda aka bayyana a babban nazarin shekarar 1968 na duwatsun Nijeriya da Kudancin Amurka da Borniyo.

Amsa ta uku tana cikin zuma. Kowace zuma tana ɗauke da garin furannin da ƙudan ya ziyarta, saboda haka ana iya gane asalinta, a kuma kama algus. A Maroko akwai zuma mai yaji a maƙogwaro wadda ƙuda ke yi daga furen Euphorbia resinifera, tsiron da ake kyautata zaton shi ne na Sarki Juba, kuma ƙidayar garin fure tana cikin hanyoyin tabbatar da sahihancinta. Duk waɗannan ayyuka ba sa yiwuwa sai da kundin da aka siffanta garin tsirran ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Farfesa Margaret Adebisi Sowunmi ta Jami'ar Ibadan ta aza harsashin wannan kundi da nazarinta na garin furen itatuwan Nijeriya a 1973, da na biyu a 1995.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne, siffar jiki da ganye da nono sun ruɗi masana game da dangin tinya, sai garin fure ya zo ya nuna cewa rogo ɗan gidan roba da bini-da-zugu ne, zurma tana gida dabam, tinya ma haka. Daga baya DNA ya gaskata mafi yawan wannan hukunci, ya gyara sauran, ya kuma fitar da masu ƙwai biyu daga dangin. Ɗalibin da ke neman abin bincike ba sai ya je nesa ba. Aguwa da damagi da tsa da koriba suna nan a bayan gari, kayan aikin Erdtman ba su fi ƙarfin ɗakin gwaji na jami'a ba, kuma kowane nau'in da aka siffanta garinsa aka ajiye samfurinsa zai yi wa mai binciken tafki da mai duba zuma da mai inganta iri amfani shekaru masu yawa. Su kuma hukumomin gona da gandun daji, nasu shi ne su kula da ɗakunan ajiyar busassun tsirrai, domin daga can ake ciro furen da ake dubawa.